Aduwar Damargu: daga allon makaranta zuwa ɗakin bincike

 Yau kan aduwa za mu tsaya, itacen da muke wucewa kullum ba mu ko ɗaga kai.

Alaƙarta da ƙwaƙwalwarmu ta daɗe. Da yawanmu a allon icen aduwa muka fara karatu, a wanke a sake rubutawa har hadda ta zauna. A aljihu kuma ga ƴaƴanta, muna tsotsa, zaƙi-zaƙi ɗaci-ɗaci; wanda ya zarce, cikinsa ya ba shi labari. Ba mu muka fara ba: an tarar da ƴaƴan aduwa a kaburburan Masar na zamanin Fir'aunoni.

Amma a Damargu yunwa ce ta fi tuna mana da ita. A farin 1973 da na 1984, da rumbuna suka ƙare, dubagira da anza da aduwa suka riƙe gidaje da dama. Shi ya sa har yau wasu ke jin kunyar a gan su da ita, wai abincin wahala. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar Eden ta kafa gonar gwaji a Dalli, kusa da Tanut, tana ƙarfafa manoma su shuka irin waɗannan itatuwa a gonakinsu. Yanzu har man aduwa ake tatsa a Damagaram.

To ina maganar mantuwa? Cikin ƴaƴan aduwa akwai wani sinadari, diosgenin. A 2012 masu bincike na jami'ar Toyama a Japan suka ba da shi ga ɓeraye masu cuta irin gigin tsufa, suka ga tunawarsu ta ƙaru. A 2017 suka gwada a kan mutane ƙalilan masu lafiya, amma da wanda aka ciro daga doya, ba aduwa ba.

Mu lura da kyau. Ɓera ba mutum ba ne, tsotsar aduwa kuma ba awon likita ba ce. Duk mai kwalba da lasifika da ya ce ya haɗa maganin mantuwa daga aduwa, ya riga masu binciken da kansu. Tsohuwar da ta fara manta sunan jikokinta, likita za a kai ta, kada a tsangwame ta.

Abin da ya fi damunmu shi ne gatari. Ana sare aduwa don girki da turmi da ƙota, alhali tana shekaru kafin ta fara ƴaƴa.