Daga rumfar zaɓen Bafarawa zuwa Aso Rock: Yadda ake zaɓen Shugaban Ƙasa da yadda ake taka masa birki

A zaɓen ranar 21 ga Afrilun 2007, garin Bafarawa da ke Ƙaramar Hukumar Isa a Jihar Sakkwato ya ga sunan ɗansa a cikin masu neman kujerar Shugaban Ƙasa. Alhaji Attahiru Dalhatu Bafarawa, wanda ya yi shekara takwas yana gwamna, ya tsaya takara a Jam'iyyar DPP bayan ya bar ANPP. Da aka kammala ƙidaya, Umaru Musa 'Yar'aduwa na PDP ya samu ƙuri'u sama da miliyan 24, Muhammadu Buhari ya zo na biyu, Atiku Abubakar na uku, shi kuwa Bafarawa bai kai dubu 300 ba. Masu sa ido na ciki da waje sun soki wannan zaɓe, 'Yar'aduwa da kansa ma ya amsa cewa akwai kurakurai a cikinsa. Duk da haka sakamakon ya nuna abin da doka ta shirya tun farko, wato ƙarfin mutum a jiha guda, kome yawansa, ba ya kai shi fadar Aso Rock.

Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mai neman kujerar sai ya kasance haifaffen ɗan Najeriya, mai shekara 35 ko fiye (kafin gyaran 2018 shekara 40 ce), mai ilimin da ya kai matakin sakandare, kuma sai wata jam'iyya ta tsayar da shi. Wa'adin shekara huɗu ne, ba a kuma zaɓen mutum fiye da sau biyu.

Sharaɗin da ya fi jawo gardama yana Sashe na 134. Bai isa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u ba, sai ya haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. A yau hakan na nufin jihohi 24. Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, Hukumar Zaɓe ta INEC za ta shirya zagaye na biyu cikin kwana 21, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin ƙasar.

Wani ɗan Sakkwato ne ya fara ɗanɗana ɗacin wannan lissafi. A 1979 jihohi 19 ne, kuma Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a 12 daga ciki, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Cif Obafemi Awolowo ya ce kashi biyu cikin uku na 19 jihohi 13 ne, tunda ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da sulusi biyu, don haka a jiha ta 13 sudusin ƙuri'u kawai ake bukata. Kotun Ƙoli ta bi bayan Shagari, kwanaki kaɗan kafin sojoji su miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba. Irin wannan gardama ta dawo a 2023 da wata riga, lokacin da Bola Tinubu bai samu kashi 25 a Abuja ba. A watan Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa Abuja ba ta da wani fifiko a kan jihohi a wannan lissafi.

Ga mai ƙuri'a a Isa ko Sabon Birni, ma'anar wannan ita ce ƙuri'arsa tana aiki biyu. Tana shiga jimillar ƙasa, tana kuma shiga lissafin ko ɗan takara ya tsallake kashi 25 a Sakkwato. A 2023 tazarar da Atiku ya ba Tinubu a jihar ba ta kai ƙuri'u dubu huɗu ba, adadin da 'yan rumfunan zaɓe kaɗan za su iya sauyawa. A faɗin ƙasa kuwa, daga cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, kuma Tinubu ya ci da ƙuri'u kusan miliyan 8.8.

Bayan rantsuwa

Wanda bai yarda da sakamako ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda za ta yanke hukunci cikin kwana 180, sannan Kotun Ƙoli ta rufe magana cikin kwana 60. Har yau kotu ba ta taɓa soke zaɓen Shugaban Ƙasa a Najeriya ba. Da zarar ya hau kuma, Sashe na 308 ya lulluɓe shi da rigar kariya, ba a gurfanar da shi a kan laifi sai ya sauka.

Tsigewa ce hanyar da Kundi ya tanada, kuma Sashe na 143 ya cika ta da shingaye. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa sun sa hannu a takardar zargin babban laifi. Sai kowace majalisa ta amince da rinjayen kashi biyu cikin uku cewa a yi bincike. Daga nan Alƙalin Alƙalan Najeriya zai naɗa kwamitin mutum bakwai da za su ba da rahoto cikin wata uku, kuma idan sun tabbatar da laifin, sai majalisun biyu sun sake kaɗa ƙuri'a da irin wancan rinjaye. An taɓa tsige gwamnoni, tun daga Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna a 1981, amma ba a taɓa tsige Shugaban Ƙasa ba. Barazanar da aka fi tunawa ita ce ta watan Agustan 2002, lokacin da Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Ghali Umar Na'abba ta ba Olusegun Obasanjo wa'adin mako biyu ya yi murabus. Maganar ta mutu a teburin sasanci.

Inda Majalisa ta fi nuna haƙora shi ne a Mayun 2006, da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran Kundin da zai ba da damar wa'adi na uku. Sauran ƙarfinta yana cikin kasafin kuɗi da tantance ministoci da ikon bincike, kuma ta nan ne kukan mazaɓar tarayya ta Isa da Sabon Birni ke iya isa Abuja a hukumance. Kiranye kuma, wanda mutane da yawa ke zaton ya shafi kowa, 'yan majalisa kaɗai ake yi wa. Abin da ya rage wa talaka shi ne akwatin zaɓe, kuma sau ɗaya tak shugaba mai ci ya faɗi a cikinsa, wato Goodluck Jonathan a 2015.

Wa ake tambaya?

Tsakanin zaɓe da zaɓe, ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ce ake cewa tana nuna wa shugaba matsayinsa. Dabararta ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. Mai sayen gero ba ya zazzage buhu, hannu yake zurawa ya ɗibo kaɗan ya duba. Masana ƙididdiga sun nuna cewa idan aka zaɓi mutum 1,000 ba tare da son rai ba, amsarsu za ta yi kusa da ta al'umma duka, da kuskuren kusan maki uku sama ko ƙasa. Amma fa sai hannun ya kai ƙasan buhu. Idan mai kyau ne a sama, tsakuwa a ƙasa, yawan abin da aka ɗiba daga saman ba ya gyara kuskuren.

Kafin zaɓen 2023, ƙuri'un da kamfanin NOI Polls ya gudanar wa Gidauniyar ANAP ta wayar tarho sun sa Peter Obi a gaba. A ta ƙarshe, waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba da waɗanda suka ƙi faɗin gwaninsu sun haura rabin mutanen da aka tambaya. Kanun labarai da yawa sun ɗauki sunan na gaba sun bar wannan adadi, alhali shi ne ya fi kowane girma a rahoton. Obi ya ƙare na uku. (Mu ma na teburin gyaran labarai ba za mu wanke kanmu daga irin wannan gaggawa ba.)

Gabashin Sakkwato ya nuna iyakar tambaya ta waya ƙarara. A watan Satumbar 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni na ciki. Duk wanda ya buga waya a lokacin yana auna gamsuwar jama'a da yadda Shugaban Ƙasa ke tafiyar da tsaro, ba zai samu mutanen da abin ya fi shafa ba. Ko layi ya dawo, akwai waɗanda suka tsere zuwa Jihar Maraɗi ta Nijar, da matan da wayar gidan ba a hannunsu take ba, da wanda ke tsoron faɗa wa baƙuwar murya abin da ke ransa. Cibiyar Afrobarometer, wadda ke aiki a ƙasashen Afirka tun 1999, tana tura ma'aikata gida-gida su yi hira baki da baki cikin harshen mai amsa. Wannan ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ma'aikacin ma sai inda hanya ke biyuwa zai je.

Saboda haka idan mai karatu ya ga labarin da ya ce kashi kaza na 'yan Najeriya na goyon bayan wane, ya nemi sanin wanda ya biya kuɗin aikin, da yawan mutanen da aka tambaya, da harshen da aka yi tambayar, da ko ta waya ce ko gida-gida, da kuma adadin waɗanda suka ƙi amsawa. Ƙuri'ar da aka buɗe a Facebook ko X, inda duk mai so ke latsawa, ba ta cikin wannan lissafi, domin tana ƙirga mabiyan mai shafin ne kawai.