BABI NA UKU: Tarihin Ɗaukar Nauyin Kiwon Lafiya a Iyakar Bagudo da Jamhuriyar Benin

3.1 Gabatarwa

Wannan babi ya duba yadda Nijeriya da Benin suka tsara kiwon lafiya da hanyar samar masa da kuɗi, ta la'akari da yankin Kurgu a Ƙaramar Hukumar Bagudo, inda ƙasashen biyu suka haɗa iyaka.

3.2 Zamanin Turawa

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ita ce ta raba ƙasar Bargu gida biyu, Illo ta faɗa hannun Ingila, Nikki kuwa hannun Faransa. Daga nan tsarin magani ya rabu. A ɓangaren Ingila, En'e ce ke gina ɗakunan shan magani da kuɗin Baitulmali, wato harajin talakawa da jangali. A ɓangaren Faransa kuwa, tun 1905 aka kafa tsarin jinyar 'yan ƙasa kyauta, wanda gwamnatin mulkin mallaka ke gudanarwa daga sama, galibi ta hannun likitocin soja.

3.3 Shirin Bamako

Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya bar asibitocin ƙasashen biyu ba magani. Saboda haka a 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako: a sayar wa majinyaci magani da rahusa, a juya kuɗin a sake sayo wani. Benin ta damƙa kuɗin ga kwamitin jama'ar gari a kowane ɗakin shan magani, abin da ya sa kuɗin ke zama inda aka tara shi. Nijeriya kuwa, a zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti, ta ɗora kiwon lafiya a matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi cikin manufar lafiya ta 1988. Ke nan ɗakin maganin ƙauye a Bagudo ya dogara ne ga kason da ke zuwa daga sama, idan ya makara magani ya yanke. Ita ma Benin ba ta tsira ba, domin karya darajar sefa da rabi a 1994 ta tsauwala farashin maganin da ake shigowa da shi.

3.4 Zamanin Inshora

Nijeriya ta yi dokar inshorar lafiya a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma ma'aikatan gwamnati ne suka fi amfana. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin matakin farko, sannan dokar 2022 ta wajabta inshora. Benin ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2009, ta kuma fara gwajin inshorar marasa galihu a 2019.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa bambancin ƙasashen biyu yana ga wanda ke riƙe da kuɗin ne. Wanda ke biya kuwa bai canja ba. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Manomi ko makiyayi a Kurgu, wanda ba ya karɓar albashin da za a cire masa inshora, idan ciwo ya kama iyalinsa, buhun hatsi ko akuya ce inshorarsa.