Hanyar Gwanja da Malamin Ayari

Masu neman sanin yadda Musulunci da harshen Hausa suka kai ƙasar Gana ta yau sukan fara duba sarakuna da mayaƙa. A ganina fatake ne suka yi yawancin aikin, kuma yanayin sana'ar ne ya ɗora musu shi. Goron da Bahaushe ke so a kurmin Asante yake, daga can ake kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Tarihin Kano ya nuna an buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa, Tokarawa ko Kambarin Barebari yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa, rinannun tufafi, jemammiyar fata da busasshiyar albasa, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Bargu, ya bi ta Yandi har Salaga.

Tafiya ce ta watanni, kuma kusan duka a kan amana take. Falke yakan karɓi kaya bashi daga attajiri a Kano, ya je ya sauka gidan fatoma a garin da ba dangin iya ba na baba. Me zai sa fatoma ya adana masa dukiya, dillali ya faɗa masa gaskiyar ciniki, alhali babu sarki ɗaya da ikonsa ya game hanyar? Abin da ya haɗa su shi ne alƙibla ɗaya, fiƙihun Malikiyya da ke hukunta bashi da gado, da harshen da kowa ke ji. Shi ya sa bayan madugu da jagaba da uban dawaki, ayari yakan tafi da malami. Shi ke duba ranar tashi, ya ja salla, ya rubuta wasiƙa da lissafi, ya raba gadon wanda ajali ya riska a hanya. Inda ayari ya saba yada zango kuwa, ba a daɗewa sai masallaci ya tashi, makarantar allo ta biyo, baƙi su auri 'yan gari. Ta wannan hanya Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya kai Salaga, daga baya ya zauna Kete-Krachi yana karantarwa da rubuta waƙoƙi cikin Larabci da ajami har rasuwarsa a 1934.

Wani zai ce ai jihadin Shehu Usmanu na 1804 ne ya yi wannan aiki. Gaskiya ne daular Sakkwato ta bunƙasa cinikin, domin inda aka hana giya goro ya ƙara daraja. Amma rundunar Sakkwato ba ta taɓa taka Salaga ba, Bargu ma ta ƙi miƙa wuya, duk da haka ayari na ratsa ta. Ita Kano kanta, bisa Tarihin Kano, Wangarawa ne daga Mali suka zo mata da addinin a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Suka mafi ƙarfi ita ce cewa Asantawa sun daɗe suna ciniki da Musulmi ba su musulunta ba. Haka ne. Baturen Ingila Bowdich, da ya je Kumasi, babban birninsu, a 1817, ya tarar da malamai a fada suna yi wa sarki rubutun wasiƙu da layu, sarkin kuwa yana kan addinin kakanninsa. Fatauci bai juya ƙasa ɗungurungum ba, ya dai kafa unguwannin Musulmi a cikinta, sarakuna suka bar su don amfanin da suke samu. Kuma wajibi ne a faɗa cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce, ayarin da ya ɗauki Alƙur'ani ya sha koro mutane a ɗaure.

Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, goro ya rage zuwa Salaga, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa fatakenta zuwa Kete-Krachi, Yeji da Kintampo. Daga nan jirgin ruwa zuwa Ikko da jirgin ƙasa zuwa Kano suka karɓe kayan, irin su Alhassan Ɗantata suka koma bin ta teku. Jikokin mutanen zango suka gangara Kumasi da Ankara, inda har yau ake ciniki da wa'azi da Hausa a Nima da Sabon Zango.