Masu Kasa Kunne ga Taurari

Dattawan Hausawa da suka zauna Adjamé da Treichville kafin zuwan wayar salula sun san wahalar kamo tasha. Mutum ya idar da sallar asuba, ya ja eriya, ya yi ta murɗa rediyo a gajeren zango cikin shuuu da ƙara, har muryar Hausa ta ɓullo daga Landan. Shi dai ya san akwai mai magana, ya san mita, ya san lokaci. Masanan da ke neman saƙon wasu halittu masu hankali daga wajen duniyarmu ba su san ko ɗaya cikin ukun nan ba.

A watan Afrilun 1960, wata huɗu kafin Kwaddibuwa ta sami 'yancin kai, wani matashin masanin taurari, Frank Drake, ya juya faifan eriya mai faɗin mita 26 a Green Bank ta Amurka zuwa taurari biyu na kusa da mu, Tau Ceti da Epsilon Eridani. Ya zaɓi zangon da iskar haidirojin ke fitar da sautinta, megahaz 1420, bisa tunanin cewa duk halittar da ta iya ƙera rediyo za ta san wannan zangon. A ranar farko ya kama sigina mai ƙarfi, gabansa ya faɗi. Ashe jirgin sama ne.

Haka abin ya yi ta maimaituwa. A 1967 Jocelyn Bell, ɗaliba a Cambridge ta Ingila, ta ga bugu mai dawowa a kai a kai kamar na agogo. Daga baya aka gane gawar tauraro ce ke juyawa da sauri. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Parkes a Ostireliya, inda wasu sigina suka daɗe suna rikita masana, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abinci ce, wadda ma'aikata ke buɗewa kafin ta tsaya.

Guda ɗaya ne har yau ake gardama a kansa. Ranar 15 ga Agustan 1977 na'urar Big Ear a jihar Ohio ta kama sigina na daƙiƙa 72 kusa da zangon haidirojin ɗin nan. An koma wurin sau da yawa, bai sake dawowa ba, kuma a wannan fanni shaidar da ba ta maimaitu ba ba ta karɓuwa. A 1993 majalisar Amurka ta datse kuɗin da hukumar NASA ke kashewa a binciken.

Ni ban ɗauki shirun shekara sittin da ɗoriya a matsayin amsa ba. Jill Tarter, wadda ta ba aikin nan rayuwarta, ta kwatanta abin da aka saurara da kofi ɗaya da aka ɗebo daga teku. Abin da ya fi damuna hayaniyarmu ce: wayoyi irin waɗanda ke jibge a kasuwar Adjamé da taurarin ɗan Adam suna toshe kunnen na'urorin. Shi ya sa Afirka ta Kudu ta kafa doka a 2007 don kare shirun yankin Karoo, inda aka buɗe MeerKAT mai faifai 64 a 2018. Tun 2022 shirin Breakthrough Listen ke tace abin da faifan nan suke ji, da burin sauraron taurari miliyan ɗaya.