Tarihin Gardamar Tsutsar Nama: Daga Kwalaben Redi Zuwa na Pasteur

Duk wanda ya taɓa mantawa da ɗanyen nama a lokacin zafi ya san abin da zai tarar bayan kwana biyu ko uku: ɗoyi, da fararen tsutsotsi suna mutsu-mutsu. Daga ina suka fito? Tambayar kamar ta yara ce, amma masana sun shafe fiye da shekara dubu biyu suna kokawa da ita, kuma wajen warware ta ne ilimin halittu ya koyi yadda ake shirya gwaji.

Arisɗo, masanin Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa wasu ƙananan halittu suna tsirowa ne kai tsaye daga taɓo da ruɓaɓɓun abubuwa, babu uwa babu uba. Maganar ta zauna daram. Har a ƙarni na 17, Jan van Helmont ya rubuta cewa idan aka cusa riga mai dauɗa a bakin tukunyar alkama, cikin kwana 21 alkamar za ta rikiɗa ta zama ɓeraye.

Wanda ya fara girgiza wannan tunani shi ne Francesco Redi, likitan fadar gidan sarautar Medici a birnin Florence na Italiya. Ya lura cewa kafin tsutsa ta bayyana, ƙudaje kan yi dandazo a kan naman. Sai ya zuba nama da kifi a manyan kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya toshe wasu. Na buɗe suka cika da tsutsa, na toshe suka ruɓe ba tare da ko ɗaya ba. Don kada a ce rashin iska ne ya hana, ya sake gwajin da yadi shara-shara a bakin kwalba. Iska tana shiga, ƙuda ba ya iya ratsawa. Ƙudajen suka riƙa sauka a kan yadin suna zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a sama, naman da ke ƙasa bai samu ba. Ya buga sakamakon a 1668. Ƙarfin aikinsa yana cikin kwatanci: nama iri ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, abu guda kaɗai ya bambanta.

Ba a daɗe ba gardamar ta sake sabon salo. A shekarun 1670, Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya duba ɗigon ruwa da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, ya ga halittun da ido ba ya gani suna iyo. Masu tsohon ra'ayi suka ce, to mun ji ta ƙuda, waɗannan fa?

Wasu limaman coci biyu ne suka ja daga a kai. John Needham na Ingila ya tafasa romon naman rago, ya toshe kwalba, bayan kwanaki ya same shi maƙil da ƙananan halittu, ya ce daga romon suka fito. A 1765 Lazzaro Spallanzani na Italiya ya mayar da martani. Ya narkar da bakin kwalba da wuta ya liƙe shi, ya tafasa romon na tsawon lokaci, kuma babu abin da ya tsiro. Needham bai sallama ba: ya ce zafin ya lalata iskar da ke ciki da kuma ƙarfin da ke haifar da rai. Hujja ce da take buƙatar amsa, kuma sai da ta jira kusan shekara ɗari.

A 1859 Félix Pouchet, shugaban gidan tarihin halittu na Rouen a Faransa, ya fitar da littafi yana kare tsohon ra'ayin. Majalisar masana kimiyya ta Faransa ta sa kyauta ga wanda zai haskaka batun da gwaji. Nan masanin kimiyya Louis Pasteur ya shigo. Ya zuba ruwan yisti da sukari a kwalba, ya ɗumama wuyanta ya ja shi ya yi tsawo, ya lanƙwasa shi kamar wuyan dinya, sannan ya tafasa ruwan ya bar bakin a buɗe. Iska tana shiga yadda take so, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar. Ruwan ya zauna garau wata da watanni. Da ya karya wuyan, ko ya karkata kwalbar ruwan ya taɓa ƙurar, cikin 'yan kwanaki sai ya gurɓace. A 1860 ya ɗauki kwalabe ya hau tsaunukan Alps, inda iska ba ta da ƙura sosai. Cikin 20 da ya buɗe a wurin ƙanƙarar Mer de Glace, ɗaya ce tak ta lalace. Ya karɓi kyautar a 1862.

Shi ma Pouchet ba ƙarya ya yi ba game da abin da ya gani. Da jiƙon busasshiyar ciyawa yake gwaji, kuma ko an tafasa shi yakan yi rai. A 1876 Ferdinand Cohn na Jamus ya gano dalili: wasu ƙwayoyin bakteriya na cikin ciyawa suna ƙudundunewa cikin ɓawo mai tauri da ke jure tafasa. John Tyndall a Landan ya nuna cewa idan aka tafasa, aka bari suka farfaɗo, aka sake tafasawa sau da dama, duk suna mutuwa.

Amfanin bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Joseph Lister, likitan tiyata a Glasgow, ya karanta aikin Pasteur, ya yi tunanin cewa abin da ke ɓata romo shi ke sa rauni ya yi mugunya. Ya fara wanke raunuka da kayan aiki da sinadarin kabolik, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1867. Daga nan tsabtace wuƙa, allura da hannun likita kafin tiyata ya bazu zuwa asibitocin duniya.