Daga Hanyar Gwanja Zuwa Nima: Wane ne Baƙo a Zango?

 A makonni masu zuwa za mu kawo muku laccocin malaman jami'a kan siyasa, tattalin arziki, dokokin fasahar zamani da tarihi. Wani zai ce, me ya haɗa mai sanda da lacca? To, waiwaye adon tafiya. Mu leƙa zangunan Akra, babban birnin Gana, mu gani.

Tun kafin Turawa su shata iyaka, fatake daga Kano da Katsina ke bin hanyar Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi Salaga, su komo da goro. Inda ayari ya yada zango, nan unguwa ke tashi. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da Akra. A Akra, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango. Nima kuwa, wajen 1931 wani Bafulatani dillalin shanu, Malam Amadu Futa, ya samu filin a hannun mutanen Ga, aka riƙa tsayar da shanu a can kafin a shiga da su gari. Wato kofato ne ya share wurin da yau ya zama Nima, ga Mamobi a maƙwabta.

Da siyasa ta zo, sai lissafi ya sauya. Mutanen zango sun yi jam'iyyarsu ta Musulmi. Bayan samun 'yanci a 1957, gwamnatin Nkrumah ta hana jam'iyyun addini da na ƙabila, ta kuma tasa ƙeyar Alhaji Amadu Baba na zangon Kumasi zuwa Najeriya, wai shi ba ɗan ƙasa ba ne.

Babbar girgizar ta zo ranar 18 ga Nuwamba, 1969. Tattalin arziki ya tsuke, aikin yi ya yi wuya, sai gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Mutumin da aka haifa a zango, bai taɓa ganin garin kakansa ba, ya wayi gari baƙo. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka cika motoci zuwa Najeriya, Nijar da Togo. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin nata a zamanin Shagari, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida. Jakar nan da kuke zuba kaya a ciki, Ghana Must Go, can ta samo sunanta. Ku lura, a lokacin ECOWAS ta riga ta yarda tun 1979 cewa ɗan yankin zai shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Yarjejeniyar na nan, amma ba ta kare wanda ya zarce wa'adi ba takarda ba.

Yau takardar ta koma kati da layin waya. Daga Oktoban 2021 Gana ta ce a sake rajistar layuka da katin ɗan ƙasa, Ghana Card. Wanda aka rufe wa layi, kuɗinsa na waya sun maƙale, dillali a kara ba ya samunsa. Fulani da yawa haifaffun Gana sun koka cewa ana ja da su wajen ba su katin. Ga kuma Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, alhali hedikwatar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka tana nan Akra.

Kun ga ke nan, abin da ake tsarawa a ofis, a bakin iyaka da kara yake sauka. Wanda ya ji da wuri, shi ke shiri da wuri. Ku yi wa yara takardar haihuwa, ku adana katin allurar dabbobi da rasidin haraji. Ranar lacca a matso da rediyo kusa, a kuma aiko mana da tambayoyi, mu miƙa wa malaman. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.