Wa ke riƙe da alƙalami? Ɗan tarihin koyon rubutu tsakanin ɗalibai

1. Gabatarwa

A jami'o'in Amurka akwai wurin da ake kira cibiyar rubutu, inda ɗalibi ke kai aikinsa wajen wani ɗalibi da aka horar, su duba tare kafin a miƙa wa malami. Wasu daga cikinmu na ɗaukar wannan tsari baƙon abu ne. A wannan ƴar takarda muna son mu nuna cewa ɗalibi ya koya wa ɗalibi rubutu ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Za mu bi matakai uku na tarihin abin, muna riƙe da misalin yaron da ya tashi a Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, domin irinsa ne maganar ta fi shafa.

2. Makarantar allo

A ƙauyukan Hausa, kafin yaro ya taka lakwal, galibi ya riga ya riƙe allo. Malami ɗaya ba ya iya bin kowane almajiri, saboda haka aikin ya rabu bisa matsayi: kolo, titibiri, gardi, sannan malam. Gardi shi ma almajiri ne, bai gama nasa karatun ba, amma shi ke rubuta wa ƙanana allo, ya biya musu, ya saurari haddarsu kafin a wanke. Abin lura shi ne, wannan taimako yana da iyaka. Idan yaro ya wuce babbaƙu da farfaru, hannunsa ya faɗa, sai a ba shi alƙalami da tawada ya rubuta da kansa, gardi ya koma mai duba kuskure kawai. Gardin ma yana ƙaruwa, don maimaita wa ƙanana na ƙarfafa tilawarsa.

3. Makarantar Jean Dard

Mataki na biyu ya zo ta hannun Turawa. A ƙarshen ƙarni na 18, Andrew Bell a Madras da Joseph Lancaster a Landan sun tsara hanyar da manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana, musamman saboda ƙarancin malamai da kuɗi. Da wannan hanya ce Jean Dard ya buɗe makaranta a Saint-Louis ta Sanagal a shekarar 1817. Ya lura cewa yara na karanta Faransanci ba tare da sun fahimta ba, sai ya fara da harshen Wolof, har ya wallafa ƙamus a 1825 da littafin nahawu a 1826. Hukumar mulkin mallaka ba ta ɗore a kan wannan tafarki ba: an koma ga Faransanci zalla, kuma a 1841 aka danƙa makarantar ga limaman Ploërmel. Daga nan ɗalibi mai taimako ya rasa babban makaminsa, wato ikon yi wa ɗan'uwansa bayani cikin harshen da suke ji su biyu.

4. Cibiyar rubutu

Mataki na uku ya faro ne lokacin da Jami'ar Birnin New York ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare a birnin, a 1970. Ɗalibai suka yi yawa, da dama ba su saba da rubutun jami'a ba, kuma suna jin nauyin tunkarar malamai. A Kwalejin Brooklyn, Kenneth Bruffee ya fara horar da ɗalibai su taya ƴan'uwansu. A 1984 shi da Stephen North kowanne ya wallafa maƙalar da ta zama ginshiƙi. Ra'ayin Bruffee shi ne rubutu tattaunawa ce da ake koyo ta hanyar yin ta da tsara. Na North kuwa, manufar cibiya ita ce a gyara marubucin, ba takardarsa kaɗai ba. Shi ya sa ake horar da mai taimako ya yi tambaya ya saurara, ya bar alƙalami a hannun mai aikin.

5. Abin da ya shafe mu

Mu koma ga yaron Rumbu. Ya yi allo, ya yi lakwal, ya yi sakandare a Dakoro, ya samu shiga jami'a a Maraɗi ko a Yamai. Yanzu ana son ya rubuta kundin kammala karatu cikin Faransanci, harshen da ba a yi a gidansu. Malaminsa na da ɗalibai fiye da yadda zai iya zama da kowane. Wa zai nufa? Duk mun sani: wani yayansa na ajin gaba. Ke nan tsarin yana nan, sai dai ba shi da ƙa'ida, kuma sau da yawa taimakon kan zarce ya zama rubuta masa. Ya samu takardar shaida, hannunsa bai faɗa ba.

6. Kammalawa

Tarihin nan ya bar mana darasi biyu. Na farko daga gardi: taimakon ƙwarai shi ne wanda ya san ranar da zai saki alƙalami. Na biyu daga Dard: bayani ya fi shiga cikin harshen gida. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a aji, kuma kundin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Don haka muna ba da shawara sassanmu su zaɓi ɗaliban manyan azuzuwa, a horar da su, a ba su ɗaki da lokaci, a kuma bar su su tattauna da Hausa ko da aikin na Faransanci ne. Sharaɗi ɗaya kawai za mu gindaya musu, wanda makarantar allo ta daɗe da sani: mai allo shi ke rubuta allonsa.